Amfani da ozon wajen adana dankalin turawa

Amfani da ozon wajen adana dankalin turawa hanya ce ta rage ruɓewa da yaɗuwar cututtuka a ma'ajiyar dankali. Ana yin hakan ne ta hanyar saka ozon kaɗan a cikin iskar da fankoki ke hurawa ta tsakanin dankalin, ko a narkar da shi a cikin ruwan wanki. Ozon wani nau'i ne na oksijin mai ƙwayoyin zarra uku, kuma ana rubuta shi O₃ a ilimin sinadarai. Yana lalata bakteriya da ƙwayoyin irin fumfuna da ya taɓa, sannan cikin ɗan lokaci ya koma oksijin ba tare da ya bar saura a jikin abinci ba. Wannan ne ya sa manyan manoma da kamfanonin sarrafa dankali a Arewacin Amurka, Turai da wasu sassan Asiya suka nuna sha'awa a kansa, musamman bayan da aka tsaurara dokoki kan wasu magungunan da aka saba fesa wa dankali bayan girbi.

Aikin ozon yana tsayawa ne a cikin iska da kuma saman ɓawon dankali. Ba ya ratsa ƙasar da ta manne wa dankalin, ba ya shiga cikin tsokarsa, don haka ba ya warkar da dankalin da ya riga ya kamu da cuta tun daga gona. Masana harkar adana amfanin gona suna ɗaukarsa a matsayin ƙari kan ginshiƙan ajiya da aka sani, wato tsince ruɓaɓɓu, barin raunuka su warke, daidaita sanyi da laima, da kuma wadatar iska. Haka kuma ozon guba ne ga huhun ɗan'adam, saboda haka amfani da shi na buƙatar na'urorin aunawa da matakan kariya.

Ozon da tarihin amfani da shi

A shekarar 1785 masanin kimiyya ɗan ƙasar Holan, Martinus van Marum, ya lura da wani wari na musamman da ke tashi idan tartsatsin lantarki ya ratsa iska. Christian Friedrich Schönbein, Bajamushe da ke koyarwa a jami'ar Basel, ya sake cin karo da warin a 1839, kuma shi ne ya raɗa wa iskar suna daga wata kalmar Girkanci mai ma'anar yin wari. A 1857 Werner von Siemens ya ƙera bututun farko na samar da ozon da wutar lantarki, sannan a 1865 Jacques-Louis Soret ya gano cewa ƙwayoyin zarra uku na oksijin ne suka haɗu suka samar da shi. Irin wannan warin ne ake ji a wasu lokuta bayan walƙiya da tsawa, ko kusa da wasu injinan lantarki.

Amfani na farko mai girma da aka yi da ozon shi ne tsabtace ruwan sha. Birnin Nice na ƙasar Faransa ya fara tace ruwansa da ozon a 1906. A farkon ƙarni na 20 aka fara saka shi a ɗakunan sanyi na ajiye nama a Turai, daga baya aka gwada shi a ma'ajiyar ƙwai, cuku da 'ya'yan itatuwa domin rage wari da fumfuna. A Amurka, hukumar kula da abinci da magunguna, FDA, ta amince da amfani da shi a ruwan kwalba a 1982. A 1997 wani kwamitin ƙwararru ya bayyana shi a matsayin abin da ba shi da haɗari wajen sarrafa abinci idan an bi ƙa'ida, kuma a watan Yunin 2001 hukumar ta FDA ta halatta amfani da shi, a matsayin iska ko a cikin ruwa, don kashe ƙwayoyin cuta a jikin abinci kai tsaye. Daga nan ne gwaje-gwaje a ma'ajiyar kayan lambu, ciki har da dankali, suka ƙaru.

Ƙarfin ozon wajen ƙona sinadarai ya kai volt 2.07, yayin da na kulorin yake volt 1.36. Ba ya daɗewa. A cikin ruwa mai tsabta mai zafin digiri 20 na ma'aunin Selsiyos, rabinsa na rushewa cikin kimanin minti 20 zuwa 30. A cikin iska ya fi daɗewa, amma zafi, laima da ƙura na gaggauta rushewarsa. Saboda haka ba a iya ɗura shi a tulu a ajiye ko a yi safararsa, sai dai a samar da shi a inda za a yi amfani da shi.

Dankali a cikin ma'ajiya

Dankalin turawa, wanda sunansa na kimiyya Solanum tuberosum, na cikin manyan abincin duniya. Ana noma sama da tan miliyan 370 a kowace shekara, ƙasar Sin ce kan gaba, Indiya na biye da ita. A ƙasashen da ake girbi sau ɗaya a shekara, dole a adana kaso mai yawa na tsawon watanni shida zuwa goma domin kasuwanni da masana'antu su samu dankali har zuwa girbi na gaba. A jihar Idaho, wadda ke noma kusan kashi ɗaya cikin uku na dankalin Amurka, ma'ajiya ɗaya na ɗaukar dubban tan, kuma tsayin tarin dankalin kan kai mita biyar ko fiye. A Turai an fi yawan amfani da manyan akwatunan katako masu ɗaukar kimanin tan ɗaya, waɗanda ake jerawa a kan juna.

Dankalin da aka haƙo yana nan da ransa. Kusan kashi 80 cikin ɗari na nauyinsa ruwa ne, yana shaƙar oksijin, yana fitar da iskar kabon dayoksaid, zafi da tururin ruwa ta wasu ƙananan hudojin numfashi da ke jikin ɓawonsa. Idan zafin da tururin suka taru, sai raɓa ta kwanta a kan dankalin, kuma wannan shi ne yanayin da ƙwayoyin ruɓewa suka fi so.

Ajiya tana da matakai uku. Na farko shi ne busar da saman dankalin da barin raunukan da ya samu wajen haƙa su warke. Ana barinsa kwana 10 zuwa 14 a zafin digiri 10 zuwa 15, da laima kashi 90 zuwa 95 cikin ɗari, har sai ya yi sabon ɓawo mai ɗauke da sinadarin subarin a bakin kowane rauni. Na biyu shi ne rage zafin a hankali, ƙasa da digiri ɗaya a kowace rana. Na uku shi ne riƙe shi a sanyin da ya dace da abin da za a yi da shi: digiri 3 zuwa 4 ga dankalin iri, 4 zuwa 7 ga na girki, 7 zuwa 10 ga wanda masana'antu za su soya. Ba a sanyaya dankalin suya da yawa, domin sanyi na mayar da sitacinsa sukari, sai ya yi duhu a cikin mai, kuma sinadarin akirilamaid ya ƙaru a cikinsa. Wannan ɗumi da ake barin dankalin suya a ciki yana ba ƙwayoyin cuta da tsiro dama, shi ya sa masu irin wannan ma'ajiya suka fi neman ƙarin kariya.

Cututtukan da ke lalata dankali a ajiya

Yawancin cututtukan ma'ajiya daga gona suke shigowa, ko dai a jikin dankalin ko a cikin ƙasar da ta manne masa. Manya daga cikinsu su ne:

- Ruɓewa mai laushi. Bakteriya na jinsin Pectobacterium da Dickeya ne ke jawo ta. Suna shiga ta rauni ko ta hudojin numfashi, musamman idan ruwa ya lulluɓe dankalin ya hana shi samun oksijin. Suna narkar da abin da ke haɗa ƙwayoyin tsokar dankali, sai ya koma kamar kunu mai wari. Ruwan da ke zuba daga ruɓaɓɓe ɗaya na kama na kusa da shi, har a samu wani sashe na tarin ya yi zafi ya rufta.

- Busasshiyar ruɓewa. Fumfuna na jinsin Fusarium ke jawo ta. Ba ta iya shiga sai ta rauni. Dankalin na yamutsewa, cikinsa ya yi rami mai cike da fumfuna fari ko mai ruwan hoda.

- Cutar ƙonewar ganye ko bilait, wadda Phytophthora infestans ke jawowa. Ita ce ta haddasa babbar yunwar ƙasar Ailan daga 1845 zuwa 1852, inda kimanin mutum miliyan ɗaya suka mutu. Dankali na kamuwa da ita a gona ko lokacin haƙa, tsokarsa ta yi ja-ja a ƙarƙashin ɓawo, sannan ta buɗe wa ruɓewa mai laushi hanya.

- Ruɓewa mai ruwan hoda, wadda Phytophthora erythroseptica ke jawowa. Idan aka yanka dankalin da ya kamu aka bar shi a iska na kimanin rabin awa, tsokar na komawa ruwan hoda, daga baya ta yi baƙi. An fi samunta a gonakin da ruwa ke kwanciya.

- Cutar yoyo, wadda Pythium ultimum ke jawowa. Tana shiga ta rauni idan an haƙi dankali a lokacin zafi, kuma cikin 'yan kwanaki dankalin ya fara zubar da ruwa.

- Tabon azurfa, wanda fumfunar Helminthosporium solani ke jawowa. A ɓawo kaɗai yake tsayawa, amma yana ɓata kyan dankali, yana rage masa daraja a kasuwa, yana kuma sa shi asarar ruwa. Ƙwayoyin irinsa na tashi cikin iskar ma'ajiya su sauka a kan dankali mai lafiya.

Bambancin hanyar yaɗuwar waɗannan cututtuka shi ke nuna inda ozon zai iya taimakawa. Cutar da ke yawo a iska ko a ruwan wanki tana haɗuwa da ozon a hanya. Wadda kuwa ta riga ta shige cikin tsoka ko ta ɓuya a ƙarƙashin ƙasa, ozon ba ya isa gare ta.

Yadda ake samar da ozon

Hanyar da aka fi amfani da ita ita ce ta tartsatsin lantarki. Ana tura iska ko oksijin ta wani siririn fili tsakanin ƙarafa biyu masu ɗauke da wuta mai ƙarfin dubban volt, waɗanda gilashi ko tangaran ya raba. Wutar na raba oksijin zuwa ƙwayoyin zarra ɗai-ɗai, su kuma su manne wa wani oksijin ɗin su zama ozon. Idan iska aka shigar, ozon da ke fita bai cika wuce kashi 1 zuwa 3 cikin ɗari na nauyin iskar ba. Idan oksijin zalla ne, adadin na ninkawa fiye da sau biyu. Dole ne iskar da ake shigarwa ta zama busasshiya, domin laima na rage yawan ozon, tana kuma haɗuwa da naitirojin ta samar da asid mai cinye injin. Wannan muhimmin abu ne a ma'ajiyar dankali, inda laima ke kusa da kashi 95 cikin ɗari, shi ya sa ake ajiye injin a waje, a haɗa shi da na'urar busar da iska. Mafi yawan wutar da injin ke sha na komawa zafi, don haka yana buƙatar sanyaya.

Hanya ta biyu ita ce fitilar ultirabayolet mai tsawon zango nanomita 185. Tana da sauƙi da araha, laima ba ta dame ta sosai ba, amma ozon da take samarwa kaɗan ne, ya fi dacewa da ƙananan ɗakuna. Hanya ta uku ita ce raba ruwa da wutar lantarki, wadda ke samar da ozon a cikin ruwan kai tsaye.

Hanyoyin amfani da shi

Ana auna yawan ozon a iska da kashi cikin miliyan, wanda ake taƙaitawa ppm. Tasirinsa ya dogara ne da abu biyu a haɗe, wato yawansa da kuma tsawon lokacin da ya yi yana taɓa ƙwayar cutar. Akwai hanyoyi huɗu da aka fi bi.

Tsabtace ma'ajiya kafin a zuba dankali. Bayan an share ƙasa da ragowar dankalin bara, an wanke bango, bututun iska da akwatuna, sai a rufe ɗakin a cika shi da ozon mai yawa na wasu sa'o'i. Tun da babu dankali kuma babu mutane a ciki, ana iya ɗaga adadin sosai. Shara da wanki ne ke gaba, domin ozon na ƙarewa a kan datti kafin ya kai ga ƙwayar cuta.

Lokacin shigar da dankali. A wasu ma'ajiyoyi ana rufe wani sashe na bel ɗin da ke jigilar dankali ya zama kamar rami, a cika shi da ozon mai yawan ɗaruruwan ppm. Dankalin na wucewa cikin 'yan daƙiƙoƙi. Manufar ita ce a rage ƙwayoyin cutar da ke saman ɓawo da bakin sababbin raunuka kafin su shige ciki.

A cikin iskar ma'ajiya. Ana shigar da ozon kaɗan, daga ƙasa da ppm ɗaya zuwa 'yan ppm, a cikin babban bututun da fankoki ke tura iska zuwa ƙarƙashin tarin. Wasu na barinsa ba yankewa, wasu na kunna shi na wasu sa'o'i da dare lokacin da babu ma'aikata.

A cikin ruwan wanki. Kamfanonin da ke wanke dankali kafin su zuba shi a leda sukan yi ta juya ruwa ɗaya, kuma irin wannan ruwan na iya zama hanyar yaɗa ruɓewa mai laushi. Ozon na rage bakteriyar da ke cikin ruwan, amma sai an fara tace laka, kuma dole a busar da dankalin bayan wanki.

Yadda yake kashe ƙwayoyin cuta

Ozon na far wa kitse da furotin da ke cikin fatar ƙwayar cuta, ya huda ta, abin da ke ciki ya tsiyaye. Yana kuma lalata sinadaran da ƙwayar ke aiki da su da kuma ƙwayoyin gadonta. A cikin ruwa ko a wuri mai laima, yana rushewa zuwa wasu sinadarai masu ɗan gajeren rai waɗanda suka fi shi ƙarfi. Shi ya sa ya fi tasiri a iska mai laima fiye da busasshiya, kuma ya fi saurin kashe bakteriyar da ke yawo cikin ruwa fiye da busassun ƙwayoyin irin fumfuna masu kaurin ɓawo. Tun da yana kai hari ta fuskoki da yawa a lokaci guda, ƙwayoyin cuta ba sa saurin sabawa da shi kamar yadda suke yi da magungunan da ke aiki ta fuska ɗaya.

Ozon na kuma ƙona sinadaran da ke kawo wari, don haka ma'ajiyar da ake saka shi ba ta cika warin ruɓa ba. Wannan na iya zama matsala, domin wari na cikin alamomin farko da mai kula da ma'ajiya ke gane cewa wani sashe ya fara lalacewa. A irin wannan yanayi dole a ƙara dogara da na'urorin auna zafi da ke cikin tarin da kuma dubawa da ido.

Iyakar tasirinsa

A ɗakin gwaji, inda ake shuka ƙwayoyin cuta a faranti, ozon na kashe su cikin sauƙi. A ma'ajiya ta gaske sakamakon ya sha bamban daga wuri zuwa wuri, kuma dalilan hakan sanannu ne.

Na farko, ozon ba ya zaɓe. Duk abin da ya tarar yana ƙonawa, ko ƙasa, ko ƙura, ko katakon akwati, ko ɓawon dankalin kansa. Dankalin ajiya kuwa ba a wanke shi, da ƙasarsa ake zuba shi. Na biyu, yawansa na raguwa yayin da iska ke hawa cikin tarin. Dankalin da ke kusa da bututu na iya samun fiye da kima, na sama kuma ya samu kaɗan ƙwarai. Na uku, ƙwayoyin cuta na ɓuya a cikin hudojin numfashi, idanun dankali da zurfin rauni, inda ozon ke ƙarewa kafin ya isa. Na huɗu, ruɓewa mai laushi na yaɗuwa ta ruwan da ke gangarowa tsakanin dankali, kuma maganin wannan shi ne iska mai busarwa.

Binciken da masana na ma'aikatar noma ta Amurka suka yi a jihar California kan lemo da inabi ya nuna abu makamancin haka. Ozon kaɗan, kimanin ppm 0.3, ya hana fumfuna fitar da ƙwayoyin iri da miƙa zare daga wannan ɗan itace zuwa wancan, amma bai hana wanda ya riga ya kamu ruɓewa ba. Bisa wannan fahimta, fa'idar ozon ga dankali ta fi yiwuwa a kan cututtukan da ke yawo a iska kamar tabon azurfa, da fumfunar da ke fitowa a saman ɓawo da bango, da kuma tsabtar ruwa da kayan aiki. Ba a dogara da shi wajen hana dankali tsiro.

Illa ga dankali da kayan aiki

Idan ozon ya yi yawa ko ya daɗe, yana iya ƙona ɓawo da hudojin numfashi, dankalin ya riƙa asarar ruwa. An ga irin wannan illa a karas, wanda launinsa ke kwoɗewa, jikinsa ya yi ƙananan ramuka. Sabon dankali mai ɗanyen ɓawo ya fi saurin jin jiki, don haka ake taka-tsantsan a makonnin farko na ajiya.

Ozon na tsattsaga roba, yana lalata wasu nau'o'in leda da rufin wayar lantarki, yana kuma gaggauta tsatsar baƙin ƙarfe a wuri mai laima. Bel, bututu da robar bakin ƙofa na cikin abubuwan da ke fara lalacewa. Ƙarfe mara tsatsa, gilashi, Teflon da silikon sun fi jurewa.

Akwai kuma saɓani tsakaninsa da wasu hanyoyin hana tsiro. Ozon na rusa iskar etilin. Wannan alheri ne a ɗakin ajiye 'ya'yan itatuwa, amma a ma'ajiyar dankalin da ake riƙe etilin a kimanin ppm 10 da gangan don hana tsiro, ozon zai ɓata aikin. Haka kuma yana haɗuwa da man bawon lemo da man na'ana'a da ake fesawa don ƙona tsiro, ya rage musu ƙarfi, ya kuma samar da ƙananan ɓurɓushi da sinadarai masu damun numfashi.

Haɗari ga lafiyar ma'aikata

Ozon da ke can sama a sararin samaniya yana kare duniya daga hasken rana mai cutarwa, amma wanda ke kusa da ƙasa gurɓataccen abu ne. Shaƙarsa na jawo tari, kaikayin maƙogwaro da ido, ciwon kai, ƙuncin ƙirji da tashin asma, kuma idan ya yi yawa yana tara ruwa a huhu. Hanci na jin warinsa tun daga ppm 0.01 zuwa 0.05, amma bayan ɗan lokaci hancin na sabawa, don haka ba a dogara da wari wajen sanin haɗari.

A Amurka doka ta kayyade ppm 0.1 a matsayin matsakaicin abin da ma'aikaci zai shaƙa cikin sa'o'i takwas, kuma ana ɗaukar ppm 5 a matsayin haɗari na gaggawa ga rai da lafiya. A Birtaniya iyakar ita ce ppm 0.2 cikin minti 15. Yawancin adadin da ake amfani da shi don kashe ƙwayoyin cuta ya wuce waɗannan iyakoki. Saboda haka ake sanya na'urar aunawa mai ƙararrawa, da makunnin da ke kashe injin idan an buɗe ƙofa, da alamar gargaɗi a bakin ɗaki. Kafin mutum ya shiga, ana kashe injin a fitar da iskar, ko a bi da ita ta na'urar da ke mayar da ozon oksijin ta amfani da zafi ko sinadarin manganis.

Matsayinsa tsakanin sauran hanyoyi

Shekaru da yawa ana fesa wa dankali maganin fumfuna mai suna tiyabendazol lokacin shigar da shi ma'ajiya, amma wasu nau'o'in Fusarium da fumfunar tabon azurfa sun saba da shi har ya daina yi musu aiki a wurare da dama. A Arewacin Amurka ana amfani da sinadarin fosfait don rage ruɓewa mai ruwan hoda da bilait. Akwai kuma haidurojin feroksaid, asid ɗin ferasetik da kulorin dayoksaid, waɗanda ke aiki kamar ozon, kuma suna da irin iyakarsa ta tsayawa a saman ɓawo.

Ta fuskar tsiro, sinadarin kulorfurofam, wanda aka fi sani da CIPC, shi ne aka fi dogara da shi tun tsakiyar ƙarni na 20. A 2019 Tarayyar Turai ta ƙi sabunta izininsa, kuma aka daina amfani da shi a can a watan Oktoban 2020. Wannan ya sa manoman Turai suka koma ga etilin, man na'ana'a, man lemo da makamantansu, ya kuma ƙara jawo hankali ga duk wata hanya da ba ta barin saura a abinci. A Amurka ozon na cikin sinadaran da aka yarda a yi amfani da su wajen sarrafa abincin da aka noma ba tare da takin zamani da magungunan feshi ba.

Babbar fa'idar ozon ita ce ba a sayen sinadari, ba a ajiye shi, iska da wutar lantarki kawai yake buƙata. Kuɗin da ake kashewa na tafiya ne kan sayen injin, na'urar busar da iska, na'urorin aunawa, gyara da kuma wuta.

A Afirka ta Yamma

A Najeriya, mafi yawan dankalin turawa daga jihar Filato yake fitowa, musamman ƙananan hukumomin Bokkos, Mangu, Barkin Ladi da Pankshin, kuma akwai tashar binciken dankali a Kuru kusa da Jos. Ana kuma noma shi a tsaunin Mambila da wasu wuraren noman rani a arewa. A Nijar ana noma shi a yankin Bonkuku da kuma lambunan tsaunukan Ayar a jihar Agadas. Ƙananan manoma ne suka fi yawa, kuma sukan ajiye dankali a ɗaki, a ƙasa ko a cikin buhu, ba tare da na'urar sanyaya ba. Zafi, bilait, raunin fartanya da cunkoso a buhu na sa ruɓewa da tsiro da wuri, abin da ke tilasta wa manoma sayarwa lokacin girbi, sa'ad da farashi ya faɗi.

Ozon na buƙatar rufaffen ɗaki mai fankoki, wutar lantarki da ba ta yankewa, da na'urar auna iska, don haka ya fi dacewa da manyan ɗakunan sanyi na kamfanoni da ƙungiyoyin manoma. Kunna ƙaramin injin ozon a ɗakin da mutane ke shiga ko kwana na da haɗari. Ga ƙaramin manomi, abubuwan da suka fi rage asara su ne yanke ganye kimanin mako biyu kafin haƙa don ɓawo ya yi ƙwari, haƙa da sanyin safiya a busasshiyar ƙasa, tsince masu rauni da masu cuta, rashin wanke dankalin ajiya, da shimfiɗa shi a wuri mai inuwa da iska. Dankalin ci na buƙatar duhu, domin haske na sa shi kore tare da tara sinadarin solanin mai guba. Ga dankalin iri kuwa, Cibiyar Dankali ta Duniya da ke birnin Lima na ƙasar Peru ta yaɗa tsarin rumfa mai shigar da haske kaɗan-kaɗan, inda ake jera iri a kan kantoci, ya fitar da gajeren tsiro mai ƙwari ba tare da amfani da wutar lantarki ba.